Ranar da aka rufe ɗakunan karatu 15 waɗanda jama'a suka ci bashi suka gina yawancinsu

 Tarihinmu na yau daga Amurka ya fito, kuma maganar kuɗi ce: wa ke biyan ginin ɗakin karatu na jama'a, kuma wa ake tambaya kafin a ci bashin ginin.

Ranar Juma'a 6 ga watan Afrilu na 2007, a gundumar Jackson da ke kudancin jihar Oregon, aka sa kwaɗo ga ɗakunan karatu 15 rana ɗaya. Duk na gundumar ke nan, ba a bar ko guda ba. A garin Ashland yara suka zauna cikin ɗakin suka ce ba su fita, sai da wani ɗan sanda ya zo ya karanta musu littafi sannan ya raka su waje. Ma'aikata kimanin ɗari suka rasa aikinsu. Abin da ya sa labarin ya zagaya ƙasar shi ne yawancin gine-ginen sababbi ne fil. Shekara bakwai kafin nan, mutanen gundumar da kansu suka je rumfunan zaɓe suka yarda a ci bashin miliyon 38.9 na dalar Amurka domin a gina su. Dalar Amurka fa, ba dalarmu ta tamma biyar ba. In aka juya shi zuwa sefa, ya haura miliyar 20.

To yaya aka yi mutanen da suka yarda da bashin gini suka wayi gari da gini a kulle? Kafin mu kai ga amsa sai mun koma baya, mu ga inda wannan tsari ya samo asali.

Da farko, mene ne bashin? Amurka tana da jihohi 50, kuma kusan kowace jiha an raba ta gunduma gunduma. Gunduma tana da majalisarta da kasafin kuɗinta, kuma babbar hanyar samun kuɗinta ita ce harajin gidaje da filaye. Ana ƙiyasta darajar gidan mutum, a ce ga abin da zai biya kowace shekara. In gunduma tana son babban gini wanda kuɗin shekara ɗaya ba su isa, sai ta buga takardun bashi ta sayar wa bankuna da masu jari. Ta karɓi kuɗin yanzu, ta yi gini, ta riƙa biya da kuɗin ruwa har shekara 20 ko 30. Waɗanda ke bin labarin baitulmalin ƙasarmu sun san irin takardun da ake sayarwa a kasuwar kuɗi ta ƙasashen UEMOA. Kusan abu ɗaya ne. Bambancin shi ne a jihohi da yawa na Amurka, gunduma ba ta da ikon cin irin wanga bashi sai ta kai maganar gaban masu zaɓe. Ana rubuta adadin kuɗin a takardar ƙuri'a, da aikin da za a yi da su, mutum ya zaɓi i ko a'a. In i ta yi rinjaye, an ƙara wa kowane mai gida haraji ke nan har ranar da bashin zai ƙare.

Wannan doka wahala ce ta haife ta. A shekarun 1830 jihohin Amurka suka ci bashi mai yawa suna haƙa hanyoyin ruwa na jiragen kaya. Tattalin arziki ya karye a 1837, kuma zuwa farkon shekarun 1840 jihohi takwas sun kasa biya. Aka rubuta cikin tsarin mulkin jihohi da dama cewa gwamnatin jiha ba ta ƙara cin bashi yadda ta ga dama. Sai garuruwa da gundumomi suka ɗauka daga inda jihohi suka tsaya. Lokacin ne ake shimfiɗa hanyoyin jirgin ƙasa, kowane gari yana tsoron kada dogo ya wuce ta garin maƙwabta. Ƴan majalisa su ci bashi da sunan jama'a su miƙa wa kamfani. Wani wuri a yi hanyar, wani wuri kamfanin ya karye ko ya sauya hanya, bashi kuwa yana nan a wuyan talaka. Bayan karayar kasuwa ta 1873 garuruwa da yawa suka kasa biya, aka cika kotuna da shari'a. Daga nan jihohi suka ɗaure hannun ƙananan hukumomi: ga iyakar bashin da za ku ci, kuma sai kun tambayi masu biya. Wasu ma suka ce rinjaye kaɗai bai isa ba. West Virginia ta sa kashi uku cikin biyar a tsarin mulkinta na 1872, Kaliforniya ta sa kashi biyu cikin uku a 1879.

Shi kuwa ɗakin karatu na kyauta, daga ƙaramin gari ya faro. Ranar 9 ga Afrilu 1833 mutanen Peterborough a jihar New Hampshire suka yi taron gari, suka yanke shawarar su ware wani kaso na kuɗin ilimi da jiha ke ba su, a sayi littattafai waɗanda kowa zai ara ba tare da biya ba. Ba su da gini. A wani kanti aka ajiye littattafan, inda gidan waya yake, mai kula da wasiƙu shi ne mai kula da su. A 1849 jihar ta ba kowane gari izinin karɓar haraji domin ɗakin karatu, Massachusetts ta bi sahu a 1851, babban ɗakin karatu na Boston ya buɗe a 1854. Amma haraji kan sayi littafi ya biya albashi kaɗan kaɗan. Gini shi ke son kuɗi dunƙule, kuma nan ne yawancin garuruwa suka tsaya.

Wanda ya buɗe wannan ƙofa attajiri ne, Andrew Carnegie. An haife shi a Sikotilan a 1835, ɗan masaƙi. Iyayensa suka yi ƙaura zuwa Amurka a 1848, ya kama aiki a masaƙar auduga yana yaro, ana biyansa dala ɗaya da santi 20 a mako. Wani mutum mai suna Kanar James Anderson yakan buɗe wa yara ma'aikata ɗakin littattafansa ranar Asabar, su ari littafi su maido mako na gaba. Carnegie bai manta ba. Ya zama sarkin masana'antun ƙarfe, ya sayar da kamfaninsa a 1901 kan miliyon 480 na dala, ya shiga rabon dukiyar. Daga 1883 zuwa 1929 an gina ɗakunan karatu 2,509 da kuɗinsa a duniya, 1,689 daga ciki a Amurka.

Kyautar tana da sharaɗi, kuma ku riƙe sharaɗin nan domin za mu dawo gare shi. Carnegie gini kawai yake bayarwa. Gari shi zai kawo fili, kuma majalisar gari ta rubuta alkawarin cewa kowace shekara za ta kashe kashi 10 cikin 100 na kuɗin ginin wajen tafiyar da shi, daga harajin jama'a. In ya ba ku dala 10,000, ku nemo dala 1,000 duk shekara ta albashi da littattafai da wuta. Garin da bai iya wannan alkawari ba, ba ya samun ko tubali guda. Ɗan kasuwa ne, ya san ginin da ba a tanadar wa abin ci ba kango zai koma.

Ba kowa ya karɓa da hannu biyu ba. A 1892 ma'aikatan masana'antarsa ta Homestead suka shiga yajin aiki, kamfanin ya kawo masu gadi da bindigogi, aka yi artabu, mutane kamar goma suka mutu. Ƙungiyoyin ƙwadago, wato sandika, ba su yafe ba. Hujjarsu ita ce mutumin da ke aikin awa 12 gaban wutar narka ƙarfe ba shi da lokacin karatu, da a ƙara masa albashi ya fi. A garin Wheeling na West Virginia aka kawo maganar gaban masu zaɓe a watan Janairu 1904: a ci bashi domin gari ya cika nasa ɓangaren, a karɓi ginin Carnegie. Ƴan ƙwadago suka bi unguwa unguwa suna kiran a'a. Ƙuri'un i ba su kai kashi uku cikin biyar da doka ta ce ba, magana ta mutu. Kowa ya ci ladan kuturu ai sai ya yi masa aski, su kuwa ba su so askin ba. Garin ya gina nasa da kuɗinsa, aka buɗe a 1911.

Duk wannan labarin birane ne. Manomin da ke nesa da gari ba ya biyan harajin birni, don haka ba shi da haƙƙin aro. Abin da ya kawo gunduma cikin maganar ke nan, tunda ita ta haɗa birni da ƙauye. A 1901 gundumar Van Wert a Ohio da gundumar Washington a Maryland suka buɗe ɗakunan karatu na dukan mazauna gunduma. A ta Maryland ɗin, shugabar ɗakin, Mary Titcomb, ta sa aka ƙera amalanken doki mai kantoci a 1905, yana bin gonaki yana kai littattafai ƙofa ƙofa. Gidauniyar Carnegie ta daina ba da kuɗin gini a 1917. Gwamnatin tarayya ta shigo a 1956 da taimakon ɗakunan karatu na karkara, ta ƙara da kuɗin gini a 1964, sannan dokar 1996 ta cire kuɗin ginin. Kaya ya komo kan masu shi. Gundumar da ke son sabon gini, mafi yawan lokaci sai ta je ta roƙi masu zaɓenta.

Mu koma Jackson. Gunduma ce ta duwatsu da dazuka, mutanenta kimanin 200,000 a lokacin, babban garinta Medford. Arzikinta katako ne, kuma nan ma jirgin ƙasa na cikin labarin. A 1866 gwamnatin tarayya ta ba da filaye masu yawa domin a shimfiɗa dogo daga Oregon zuwa Kaliforniya. Kamfanin ya saɓa sharuɗɗan sayar da filayen, gwamnati ta karɓe abinta a 1916. Filin gwamnatin tarayya kuwa ba ya biyan harajin gunduma. Domin a rage wa gundumomin asara, dokar 1937 ta ce a riƙa ba gundumomi 18 na yammacin Oregon kaso daga kuɗin katakon da aka sare a dazukan. Shekaru da yawa kuɗin na zuwa, da su ake biyan ƴan sanda da ma'aikatan lafiya da na ɗakunan karatu. Mutane suka saba da ƙaramin haraji.

A 1990 aka sa wata mujiya ta dazukan yankin cikin halittun da ake tsoron ƙarewarsu. Kotuna suka tsayar da sara a wurare da yawa, kuɗin katako suka faɗi. Majalisar dokokin tarayya ta yi doka a 2000 ta riƙa cike giɓin, amma na shekara shida kawai. A cikin wannan shekarar ta 2000 ɗin ne masu zaɓen Jackson suka amince da bashin miliyon 38.9, a sake ginawa ko a faɗaɗa ɗakunan karatu na gundumar. Aiki ya tafi daidai, babban ginin Medford ya buɗe a 2004, ƙananan garuruwa suna samun nasu ɗaya bayan ɗaya.

Sai 2006 ta zo, dokar cike giɓi ta ƙare, majalisa ba ta sabunta ba. Gundumar ta ga za ta rasa kusan miliyon 23 na dala a shekara. Mai sauraro zai ce, to a ɗebo daga kuɗin bashin mana a biya albashi. Doka ba ta yarda ba. Kuɗin da aka ce wa masu zaɓe na gini ne, gini kaɗai za su yi. Ba a biyan ma'aikaci da su, ba a biyan kuɗin wuta. Shi ya sa aka ga abin mamaki: ana kulle ƙofofi, magina kuma suna ci gaba da aikin gine-ginen da suka rage.

Hukuma ta koma ga jama'a ta nemi sabon haraji na tafiyar da ɗakunan. A watan Nuwamba 2006 suka ce a'a. Aka rufe a Afrilu. A watan Mayu 2007 aka sake tambaya, ƙofofi suna kulle, suka sake cewa a'a da rinjaye bayyananne. Kada mu yi saurin zagin su. Akwai tsofaffi masu ɗan fansho da ke ganin takardar haraji na ƙaruwa, ga bashin ginin ma ba a gama biya ba. Akwai tsofaffin ma'aikatan katako da ke ganin gwamnatin tarayya ce ta kashe musu sana'a, don haka ita ya kamata ta biya. Akwai kuma masu ganin hukuma na tsorata su ne kawai, kuɗin suna nan. A ɗaya ɓangaren akwai uwar da ba ta da kuɗin sayen littafi ga ɗiyanta, da mai neman aiki wanda ba shi da intanet a gida, da ɗan lakwal da ba shi da wurin zama ya yi bitar darasi. Waɗannan su suka fi jin rufewar, kuma yara cikinsu ba su da ƙuri'a.

Wata shida ɗakunan suna rufe. Da majalisar tarayya ta ƙara wa kuɗin cike giɓi shekara ɗaya, gundumar ta ba wani kamfani mai zaman kansa daga Maryland kwangilar tafiyar da su. Aka buɗe a ƙarshen Oktoba 2007, da kusan rabin awoyin da. Garin Ashland ya ɗora wa kansa ƙarin haraji domin nasa ya daɗe a buɗe. Haka aka yi ta lallaɓawa har watan Mayu 2014, lokacin da masu zaɓe suka yarda a kafa hukumar ɗakunan karatu mai cin gashin kanta, da harajinta na dindindin wanda ba zai wuce santi 60 ba kan kowace dala 1,000 ta darajar gida. Wato mai gidan da aka ƙiyasta dala 200,000 ba zai biya fiye da dala 120 a shekara ba. A 2020 hukumar ta karɓi aikin daga hannun kamfanin ta ci gaba da kanta. Shekara 14 ke nan tsakanin ƙuri'ar gini da ƙuri'ar abin da zai riƙe ginin. Abin da Carnegie ke nema a rubuce tun kafin a haƙa tushe, su sai da aka rufe musu ƙofa suka kai gare shi.

Kada a ce matsalar ƙauyawa ce. Gundumar Fulton a jihar Jojiya ita ke ɗauke da birnin Atlanta. A can tambayar farko ma ita ce wa ake bari ya shiga. Ɗakin karatu na Carnegie da aka buɗe a 1902 na farar fata ne zalla, alhali baƙaƙe suna cikin masu biyan harajin da ke riƙe shi. Malamin nan W.E.B. Du Bois ya jagoranci tawaga suka je suka yi ƙorafi, aka ƙi. Sai 1921 aka buɗe wa baƙaƙe reshe guda a titin Auburn, kuma sai 1959 aka bar su shiga babban ɗakin. Ranar 4 ga Nuwamba 2008, ranar da aka zaɓi Barack Obama, bankuna suna rushewa, mutane suna rasa gidajensu, masu zaɓen Fulton suka amince da bashin miliyon 275 da kusan kashi 65 cikin 100. Aka tsara sababbin ɗakuna takwas, da faɗaɗa na titin Auburn da ke adana tarihin baƙar fata, da gyaran tsofaffi. Amma a 2014, shekarar da na farko cikin sababbin ya buɗe, gundumar ta yanke kasafin tafiyarwa, aka rage awoyin aiki da kusan kashi ɗaya cikin uku, rassa da yawa suka daina buɗewa ranar Juma'a. Sai da jama'a suka yi ta surutu aka maido awoyin a shekara ta gaba.

Akwai waɗanda suka bi abin a jere. Gundumar Multnomah, inda birnin Portland yake, a jiha ɗaya da Jackson, ta fara kai wa masu zaɓe maganar harajin dindindin na tafiyarwa a 2012, suka yarda. Sai a Nuwamba 2020, ana tsakiyar annobar korona, ta nemi bashin gini na miliyon 387, suka sake yarda. Sun tanadi ciyawa kafin su sayi dokin.

Tsarin nan yana da kyawunsa. Ginin da za a mora shekara hamsin, an raba nauyinsa tsakanin na yau da na gobe. Wanda zai biya an tambaye shi, adadin yana rubuce, kuma ba a karkatar da kuɗin zuwa wani aiki. Yana kuma da aibinsa. Kuɗin ruwa na sa a biya fiye da abin da aka karɓa. Gunduma mai gidaje masu tsada tana tara kuɗi da ɗan ƙaramin haraji, matalauciya kuwa sai ta matse mutanenta sosai kafin ta sami kaɗan, don haka inda aka fi bukatar littafin kyauta nan ya fi wuyar samu. Inda ake neman kashi biyu cikin uku kuma, mutum ɗaya mai a'a yana tsayar da kusan mutum biyu masu i. Sannan gini yana da farin jini, ana yanka kyalle ana ɗaukar hoto, albashin mai shara da mai jera littattafai kuwa ba mai yi masa biki.

Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Mutanen Jackson ba su yi laifi da suka ci nasu ba, gine-ginen suna nan ana amfani da su har yau. Kuskuren shi ne tambaya ɗaya aka yi musu a 2000, alhali tambayoyin biyu ne, kuma kowa ya san kuɗin katako na da ranar ƙarewa. Dokokinmu da nasu ba ɗaya ba ne, aljihunmu ma haka. Amma duk ranar da aka kira mu bikin aza tubalin wani gini na jama'a, ko na karatu ne ko na magani, ko kuɗin bashi ne ko kyautar wani mai taimako, muna iya tambaya cikin ladabi: bayan an buɗe, wa zai biya albashi da wuta da gyaran rufi, daga wane asusu, kuma har shekara nawa? In amsar ba ta fito ranar ba, ba za ta fi sauƙi ba bayan shekara bakwai.